Daga Sakkwato zuwa Sawakin a Tarago na Huɗu

Dogon jirgin ƙasa bai taɓa shiga birnin Sakkwato ba. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka yanko reshe daga Zariya, gyaɗa da audugar ƙasar Zamfara suke hari, shi ya sa layin ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Basakkwacen da ke son hawa jirgi sai ya sha tafiyar sama da kilomita 200 a bayan akori-kura kafin ya ji ƙarar jiniya. Da aka yanke jihar Zamfara a 1996 ma, sai ɗan dogon ya tafi da ita.

Duk da haka, tsofaffin alhazan birnin sun san wahalar jirgi sosai, kuma a ƙasar Sudan suka fi ɗanɗana ta.

Hanyar gabas tsohuwa ce. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira da ɗimbin jama'a da niyyar Makka. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zarce da sauran mutane har bakin Kogin Nilu, kusa da Sinnar, inda suka kafa garin da ake kira Mai Wurno har yau. Daga nan maniyyaci ɗan ƙasar Shehu ya samu masauki a tsakiyar hanya, wurin masu jin harshensa.

Tafiyar kanta kashi-kashi ce. Mota zuwa Gusau, jirgi zuwa Zariya, a sauya zuwa Kano ko Jos, sannan a koma mota zuwa Maiduguri, domin dogo bai isa can ba sai 1964. A ƙetara Fort Lamy, wato Injamena ta yau, a bi Abeshe, a faɗa Darfur ta Jinena. Marasa hali kuwa da ƙafa da jaki suke yin wannan duka. Sai a Al'ubayyid, a ƙasar Kurdufan, ake sake ganin dogo. A 1959 aka miƙa shi har Niyala, aka rage wa matafiya doguwar hanya.

A wancan zamani, jiragen ƙasan Sudan suna da daraja huɗu, kuma ta huɗun ita ce rabon Takari, kamar yadda ake kiran alhazan Afirka ta Yamma. Bencin katako ne, wanda ya riga kowa shi ke da shi. Saura su baje a ƙasa tsakanin ƙunshin tabarmi da buhunan gero da tukwane, uwa da goyo a cinya, dattijo ya rungume gafakar Alƙur'aninsa don kada a taka. Idan aka buɗe taga yashin Kurdufan ya cika ido da kwanon abinci, idan aka rufe zafi ya hana numfashi. Samari masu ƙarfin hali kan haye rufin tarago, abin da ya daɗe yana zama al'ada a layin yammacin Sudan. Layin ƙwaya ɗaya ne, saboda haka jirgi kan yi tsaye a wata 'yar tasha cikin daji yana jiran na gaba ya wuce, ba wanda zai ce ga lokacin tashi. A nan ake rububin cika buta, a yi alwala a gurguje, liman yana karatu kunnen mamu yana kan jiniya. Da damina ruwa kan wanke ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, a kwana biyu ko uku a wuri ɗaya, guzuri yana ƙarewa.

Daga Kosti jirgi ke ƙetare gadar Farin Nilu zuwa mahaɗar Sinnar. Nan hanya ta rabu: ko a yi arewa ta Wad Madani da Khartum da Atbara, ko a yi gabas ta Gadarif da Kasala, layin da aka kammala a 1929. Duka biyun suna haɗuwa a Hayya, su gangara bakin Bahar Maliya, inda a lokacin ake tsare maniyyata a Sawakin don allurar rigakafi da duba takardu kafin jirgin ruwa zuwa Jidda.

Kuɗin wannan tikiti mai arha ma ba kowa ke isowa da shi ba. Bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci hannuwa, Hausawa da Fulani da Barebari kuwa suka zama ƙashin bayan aikin tsinka. Mutum ya yi kaka ɗaya ya tara na jirgi, sai rashin lafiya ko haihuwa ta cinye, ya sake zama. Hajjin da aka yi wa niyyar shekara guda ya koma shekara biyar ko goma, iyali a Sakkwato ba su san yana raye ba.

Jirgin sama ne ya kashe hanyar. Tun a shekarun 1950 aka fara jigilar alhazai daga Kano, yaƙin basasar Cadi da ya ɓarke a tsakiyar shekarun 1960 kuma ya sa ratsa ƙasar ya zama kasada. Waɗanda suka sauka a tashoshin Sudan don neman kuɗin ƙarasawa, da yawansu ba su sake hawa ba. Jikokinsu ne suka cika unguwannin Hausawa a Wad Madani da Gadarif da Kasala da Fot Sudan.