Tunawa da Mazan Jiya: Makanikan En'e da Suka Komo Daga Yaƙin Bama

A cikin ma'aikatan En'e na dā, ba waɗanda aka fi saurin mantawa da su kamar makanikai, domin aikinsu ba na alƙalami ba ne, balle a iske sa hannunsu cikin takardun ofis. Alhali kuwa da dama daga cikinsu sai da suka ƙetare teku, suka ga mutuwa ido da ido, kāna suka zo suka kwanta ƙarƙashin motar En'e da sifana a hannu.

Asalin abin shi ne, sa'ad da yaƙin Hitila ya tashi cikin 1939, Turawa suka nemi sarakunan Arewa su taimaka da samari. Wannan yaƙi kuwa na inji ne, saboda haka tilas aka zaɓi waɗansu aka koya musu tuƙi da gyaran mota. Ba a daɗe ba aka ga amfaninsu. Cikin watan Fabrairu 1941 sojan Nijeriya suka shiga Mogadishu, suka bi Italiyawa da kora har Jijiga ta ƙasar Habasha, tafiyar fiye da mil 700, cikin abin da bai kai mako uku ba. Wanda duk ya san halin mota a rairayi da duwatsu ya san ba ta yin irin wannan tafiya sai da wanda ya kwana yana gyaranta.

Cikin 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya, daga nan suka shiga Bama don su kara da Jafanawa. Ƙasa ce mai kurmi da tsaunuka da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Da hannu mutanen Runduna ta 81 suka sare hanyar jif mai tsawon mil 75 zuwa kwarin Kaladan. A wurin nan ba kanti, ba gareji. In ƙarfe ya karye, sai makaniki ya ciro na matacciyar mota, ko ya ƙera wani. Rundunonin biyu suka ci Myohaung cikin Janairu 1945, Jafan ta miƙa wuya cikin Agusta, yawancinsu kuma suka komo gida cikin 1946.

Ba kowane tsohon soja ne ya sami aiki ba, amma mai sana'a a hannu bai sha wuyar nema kamar saura ba. Waɗansu suka shiga motocin ɗaukar gyada zuwa tashoshin jirgi, kamar Kano da Nguru da Ƙauran Namoda. Waɗansu kuwa Ofishin Ayyuka na En'e ya ɗauke su, suka riƙa lura da motar Sarki, da manyan motocin da ke jidar marmara don gyaran hanya, da injunan ruwa. Kayan gyara sun yi wuya bayan yaƙi, sai dabarar da suka koya a daji ta rufa wa En'e asiri. In hakimi ya isa gundumarsa kan lokaci, in kuɗin haraji ya iso Baitulmali lafiya, da hannun makaniki a ciki, ko da ba a ambace shi ba.

Albashinsu bai taka kara ya karya ba, amma da shi suka riƙe gida, suka sa 'ya'ya makaranta. Bayan 'ya'yan cikinsu kuma ga yaran da aka kawo koyon aiki, waɗanda maigida yakan ci da su, ya hore su da tsare lokaci da tsabtar kayan aiki irin ta bariki, har su zama masu gidan kansu. Ta haka sana'ar nan ta yaɗu cikin birane.

Zamanin En'e ya shuɗe da gyaran ƙananan hukumomi na 1976. An sa wa barikoki sunayen wuraren da aka gwabza, kamar Dalet a Kaduna da Myohaung a Ikko, amma sunan makaniki yana bakin iyalinsa da yaransa kaɗai. Ya kamata duk wanda ya taɓa cin albashin En'e, in ana lissafin waɗanda suka yi mata bauta, ya sa su a sahun gaba. Allah ya jiƙansu, ya yi wa zuriyarsu albarka, amin.