Wa ke riƙe da lissafin kasuwarmu?



Ranar da aka danƙa mini makullin ƴar cibiyar binciken tattalin arzikin yanki da nake jagoranta a wata jami'a, abin da na fara tararwa shi ne kwalaye a jibge a kusurwar ɗaki. Da na buɗe sai na ga takardun farashin hatsi da dawa da wake ne, rubutun hannun ɗalibai, waɗanda suka bi kasuwannin ƙauye mako-mako suna tambaya. Kwalayen da ke ƙasa gara ta riga ta gama da su. Kwamfuta in ta lalace ana sayen wata. Amma ba wanda zai iya komawa kasuwar da ta ci ta watse shekaru da suka wuce ya tambayi mai awo nawa tiya. Tun daga ranar na shiga bin tarihin wannan aiki, domin in san su wa suka riƙa lissafin arzikinmu kafin mu, da inda lissafin ya tafi.

A farkon 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Tasawa da Katsina ya shiga Kano. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke saƙawa tana rinawa suna kawo mata aƙalla wuri miliyan 300 a shekara. Har yau masana na kafa hujja da wannan adadi. To daga ina ya samo shi? Daga bakin dillalai da fatake. Ilimin nasu ne, shi dai ya rubuta. Attajirai irin su Malam Yaro na Damagaram, wanda harkarsa ta kai har Tarabulus, suna da wasiƙu da lissafin bashi da Larabci, amma lissafin gida ne, ba a tara shi wuri guda ba. Sai a 1980 Ba'amurke Stephen Baier ya fitar da littafi kan tarihin tattalin arzikin yankin Damagaram, shi ma da Ingilishi.

Da Faransawa suka zo, sun yi ƙidaya, amma ta haraji da jangali ce. Kowane kai da aka rubuta kuɗi ne, kowace saniya kuɗi ce. Don haka kakanninmu suka koyi ɓoye yaro a rumbu da kora garke daji in an ji mai ƙidaya na tafe. Wannan tsoro bai mutu ba. Har gobe in na tura ɗalibi da takarda da alƙalami, tambayar farko da maigida ke yi masa ita ce: “Wa ya aiko ka, kuma me za a karɓa?” Ba na ganin laifinsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Bincike na ilimi ya samu gida a Yamai a 1944, lokacin da aka buɗe reshen cibiyar IFAN. Boubou Hama ya jagorance ta daga 1954 zuwa 1957, kuma ita ce ta rikiɗe ta zama IRSH, wadda aka haɗa da jami'ar Yamai a 1974. A can ne aka adana dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami. Sai dai ƙarfinta ya fi karkata ga tarihi da al'adu da harsuna. Ita kuwa kasuwa, gwamnati ta fi kallonta ta ƙofar gujiya: an kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikinta, kuma ana sanin yawan abin da aka auna a kowane wurin awo. Abin da ba a auna shi ne nawa ya rage a rumbun manomi bayan ya biya haraji. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gujiya a 1975, suka rushe wannan ciniki, aka wayi gari abin da aka fi iya lissafawa ya ɓace.

Misalin da na fi koyon darasi daga gare shi yana ƙetaren iyaka, a Samaru ta Zariya. A tsakiyar shekarun 1960 jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen binciken tattalin arzikin karkara a ƙarƙashin David Norman. A 1966 da 1967 ma'aikatansa suka zauna a ƙauyuka uku, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna ziyartar magidanta sau biyu a mako har shekara ta zagayo. Wa ya je gona jiya? Awa nawa ya yi? Me aka sayar, me aka ci? A lokacin malaman gona na yi wa manomi faɗa ya daina haɗa hatsi da dawa da wake a gona ɗaya. Da aka tara lissafin sai ya nuna manomin ne da gaskiya: shukar haɗe ta fi ba da amfani a fili ɗaya, kuma in wani iri ya ƙi, wani zai yi. Ya kuma nuna cewa abin da ke ɗaure manomi shi ne ƙarancin hannu lokacin noman fari da maimai, a Yuni da Yuli. Ba a gano wannan da ziyarar yini ɗaya cikin mota. Zama ne ya kawo shi.

A wajenmu ma an yi irin wannan zama. Claude Raynaut ya zauna a Sumarana kusa da Maraɗi, daga baya ya jagoranci masu bincike na jami'ar Bordeaux a jihar. Sun nuna cewa ƙauye ɗaya ba tsara ɗaya ba ne: akwai mai sayar da hatsinsa da kaka da arha saboda bashi da biki, ya dawo ya saye shi da tsada da damina, ya kuma bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. A 1986 Emmanuel Grégoire ya buga littafinsa kan alhazan Maraɗi, inda ya bi sawun dukiyarsu daga gujiya zuwa cinikin ƙetare iyaka da Najeriya. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma ku tambayi kanku: mushe nawa ne a Maraɗi ya taɓa riƙe wannan littafi? Jikokin alhazan da aka yi hira da su fa?

Abin da ya fi girgiza mu shi ne iyaka da kuɗi. Najeriya ta rufe iyakarta daga Afrilun 1984 zuwa 1986, rufewar ta haɗu da fari, har mutane suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Tsakanin waɗannan biyun, a 1989, aka fara tsarin tattara farashin hatsi a kasuwanni, wanda yau ake kira SIMA. Amfaninsa ya fito fili a 2005. Fari da fara sun taɓa damunar 2004, amma giɓin bai kai na 1984 ba. Duk da haka buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni, kuma yara masu tamowa suka fi yawa a Maraɗi da Damagaram, inda ake kira rumbun ƙasa. Hatsi na nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu, ga tsada a Najeriya tana jan buhuna kudu. Masu duban yawan girbi kaɗai ba su ga abin na zuwa ba, alhali farashi ya daɗe yana faɗa. Shi ya sa a 2006 aka yi bincike na musamman kan hanyar Kano da Katsina da Maraɗi, aka yarda cewa mai son sanin kuɗin tiya a Gidan Rumji sai ya san abin da ake ciki a Dawanau. Da waɗannan alƙaluma na SIMA ne kuma Jenny Aker ta nuna cewa shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Da ba a yi haƙurin rubutawa mako-mako ba, da ba ta samu abin aunawa ba.

Tun 2010 muna da jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Uzurin cewa masana na nesa ya ƙare. Amma riƙon irin wannan cibiya ya nuna mini inda gizo ke saƙa. Kusan duk kuɗin bincike daga waje yake zuwa, kuma mai kuɗi da tambayarsa yake zuwa. Yana ba da shekara biyu ko uku, in sun cika ya naɗe tabarmarsa, yaran da muka horar su watse neman abinci. Sau ɗaya wani mai tallafi ya nemi in sassauta wani adadi domin rahoton ya nuna aikinsa ya ci nasara. Na ƙi, kuma ba a sabunta mana yarjejeniyar ba. Mun sha wuya a shekarar, amma cibiyar da aka san tana gyara adadi, kowa zai daina gaskata ko da na gaskiyar.

Yanzu ƙa'idojinmu uku ne. Ko da tallafi ko babu, ba ma tsallake mako a rubuta farashi. Kowace takarda ana kwafe ta a ajiye wuri uku. Kuma ba ma rufe bincike sai mun koma ƙauyen mun faɗa wa mutane abin da muka gano, da Hausa, a gindin bishiya ko ta rediyon karkara. A wata irin wannan komawa ce wata tsohuwa ta gyara mana kuskure: mun rubuta farashin tiya ba mu lura cewa tiyar mai saye da ta mai sayarwa ba girmansu ɗaya ba.

Ga roƙona gare ku. Malaman lakwal, musamman masu ajin CM1 da CM2, ku ware kaye guda. Kowace ranar kasuwa yara biyu su je su tambayo kuɗin tiyar hatsi da ta wake, da canjin naira, a rubuta da kwanan wata. Darasin lissafi ne da ba ya bukatar sayen komai, kuma bayan shekara biyar lakwal ɗinku na da abin da babu shi ko a Yamai. In an canza muku wurin aiki, ku danƙa kayen ga wanda ya gaje ku hannu da hannu. Ku kuma iyaye, tsofaffin takardun bashi da rasiɗan haraji da wasiƙun ajami da ke cikin adakar kaka, kada a ƙulla ƙosai da su. Ku ɗaga su daga ƙasa saboda gara, in da hali ku bari a ɗauki hotonsu. In yaronku ya ce zai karanci tattalin arziki ko ƙididdiga, kada ku ce masa karatun banza ne.

Kwalayen da suka tsira suna nan bisa kanta ta ƙarfe, mun kwafe su duka. A jerin shekarun akwai giɓin da gara ta bari, kuma na hana a cike shi da ƙiyasi. Duk sabon ɗalibin da ya zo, shafin nan nake fara nuna masa kafin in ba shi takarda in tura shi kasuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.