Maƙesu da Tarihin Fadamun Gagare da Bunsuru

Maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare a bakin gulbi, yakan shafe mafi yawan rayuwarsa a matsayin tsutsa cikin ƙasa mai danshi, yana cin dodon koɗi da tana. Wani jinsin yakan kai shekara 2 a haka. Hasken da ake gani na 'yan makonnin ƙarshe ne, lokacin da namiji da mace ke neman juna. Saboda haka rayuwarsa a ɗaure take da danshin gaɓar ruwa, kuma tarihin wannan danshi a arewacin Zamfara tarihin mutanen yankin ne.

Fadama ce ta gina wannan ƙasa. Gulbin Gagare da ke ratsa Ƙaura Namoda, da Bunsuru da ke bi ta ƙasar Zurmi, suna gangarawa ta yankin Shinkafi kafin ruwansu ya zama Rima. A wannan kwari aka kafa Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci a ƙarni na 18, da Alƙalawa, wadda ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Kowace damina ruwa kan malala, ya ja da baya ya bar laka. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kama kifi a tafkunan da suka rage, makiyayi ya sauko da shanu da rani. Ciyawa da itatuwan bakin ruwa su ne suka riƙe gaɓar.

Isowar jirgin ƙasa Ƙaura Namoda a 1929 ta haɗa yankin da kasuwar gyaɗa da auduga, gonaki suka faɗaɗa, aka sare daji. Bayan farin 1973 gwamnati ta juya ga madatsun ruwa: Bakolori a 1978, Zobe a kan Karaduwa, mai ciyar da Bunsuru, a 1983, sai Goronyo a 1984. Bakolori tana kan Gulbin Sakkwato ne, amma darasinta ya shafi kowace fadama. Masanin ƙasa W. M. Adams ya nuna cewa raguwar ambaliya a ƙasan madatsar ta rage noman shinkafa da kamun kifi. A farkon shekarun 1990 shirin Fadama, da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa injin ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse. Noman rani ya bunƙasa, arziki ya shigo, sai dai garma ta kai har leɓen gulbi, maganin feshi na biye da ita.

Binciken da Sara Lewis ta jagoranta a 2020 ya lissafa manyan barazanoni uku ga jinsunan maƙesu fiye da 2,000 na duniya: lalacewar muhalli, hasken lantarki da dare, da maganin ƙwari. Biyu daga cikinsu sun riga sun zauna a fadamunmu.

Garin Moriyama na Japan ya ga irin haka. A 1924 aka ayyana maƙesunsa a matsayin abin gado na ƙasa, amma gurɓatar ruwa ta kusa ƙarar da su. Sai da mazauna garin suka tsabtace rafuka suka riƙa kiwon tsutsar, sannan hasken ya dawo.

A Banga ko Shinkafi aikin bai kai haka tsada ba. Dagatai da ƙungiyoyin manoman fadama na iya amincewa a bar zirin ciyawa da itatuwa a gefen gulbi, ba noma, ba feshi, ba ƙuna. Zirin da ke raya tsutsar maƙesu shi ne ke hana ruwa zaizaye gona, shi ne kuma ke bar wa makiyayi hanyar zuwa mashaya, wadda toshe ta ya sha haddasa rikici a wannan yanki.