Kokawar Sharrukanu da Abriza: Soyayyar da Ake Ɓoyewa a Bakin Takobi

A cikin Dare Dubu da Ɗaya, littafin da ya shigo Hausar boko tun 1924, babu hikayar da ta kai ta Sarki Umaru Nu'umanu da 'ya'yansa tsawo. A bugun Larabci na Kalkata ta cinye darare wajen ɗari. Yaƙi ne da makirci daga farkonta har ƙarshe, amma wurin da ya fi zama a ran mai sauraro wata kokawa ce da ba a zubar da ko ɗigon jini a cikinta ba.

Sharrukanu, babban ɗan sarkin Bagadaza, ya fito da mahaya dubu goma zai yaƙi Hardubu, sarkin Kaisariya ta ƙasar Rum. Da dare ya bar sansani shi kaɗai don leƙen asiri, barci ya sace shi a kan doki, ya farka a wani dausayi kusa da gidan ibadar ruhubanawa. A hasken farin wata ya hangi wata budurwa tana kokawa da kuyanginta goma, tana kayar da su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaurewa. Wata tsohuwa ta tsoma baki, ita ma aka maka ta da ƙasa. Budurwar ita ce Abriza, 'yar sarkin da ya fito yaƙa. Tsohuwar kuwa kakarta ce, Zatud-Dawahi, wato Uwar Masifu. Mai karatu ya riƙe sunan nan, za mu komo kansa.

Sharrukanu ya bayyana kansa yana neman ganima, ita kuma ta ce sai dai a gwada ƙwanji. Sau uku suna kamawa, sau uku tana kayar da shi. Mai hikaya bai ɓoye dalili ba: duk lokacin da hannun jarumin ya sauka a ƙugunta sai gaɓoɓinsa su mutu. Da ya sauka baƙo a wurinta suka zauna wasan shaɗaranji, darar sarakunan gabas, nan ma ta yi ta cinye shi, domin idonsa yana kan fuskarta, hannunsa yana ajiye doki a gidan giwa. Bayan sun rabu, a hanyarsa ta komawa, wasu mahaya ɗari cikin sulke suka tare shi, ya yi kwanaki yana gwabzawa da shugabansu. Sai da ya ɗaga takobi a kan abokin karawar da ya faɗi ya gane Abriza ce da kuyanginta.

Me ya sa mai hikaya ya bi ta wannan doguwar hanya? A duniyar da aka tsara labarin, babu wani zaure da za a haɗa ɗan sarkin Musulmi da 'yar sarkin Rum su zauna hira, balle hannu ya taɓa hannu. Addini ya raba su, gaba ta raba su, kunya kuma ta hana mai ba da labari ya faɗi abin da yake nufi a gaban dattawa. Filin daga ne kaɗai ya rage. A can an yarda jiki ya haɗu da jiki, a ji numfashin juna, a kalli juna ido cikin ido ba tare da wani ya ce an yi rashin ta ido ba. Sai mai hikaya ya zuba sha'awa a cikin kwanon faɗa ya miƙa wa jama'a, yara su ji kokawa, manya su yi murmushi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan dabara, harshensa ma ya ishe shi shaida. Kalmar da muke cewa an ci gari da ita ko an ci yaƙi, kowane baligi ya san ɗaya ma'anarta wadda ba a faɗa a gaban surukai. A bikin aure akwai ranar kamu, sai ka ce fursunar yaƙi za a kamo. Saurayi yana cewa ta harbe shi, ko ta kashe shi da ransa, alhali ɗan dambe ma idan ya kai abokin karawarsa ƙasa cewa ake ya yi kisa. Taubasai kuwa, waɗanda al'ada ta fi so su auri juna, su ne aka ba lasisin zagi da tsokana.

Dabarar ta girmi Dare Dubu da Ɗaya da nisa. Girkawan dā sun ba da labarin Akilis, gwarzonsu a yaƙin Taroya, da Fentesiliya, sarauniyar mayaƙa mata da ta zo taimakon maƙiyansa. Ya soke ta da mashi, da ya ga fuskarta sai so ya kama shi, a lokacin da son ba shi da sauran amfani. Wani soja mai suna Tarsitis ya yi masa ba'a a kan haka, Akilis ya kashe shi nan take. Akwai wani tulu da maginin Atina Ekzekiyas ya zana wajen shekara 530 kafin haihuwar Annabi Isa, yana gidan tarihi na Landan a yau, inda aka nuna mashin yana shiga, idanun mutum biyun kuma sun sarƙe da juna.

Ni dai wadda ta fi burge ni ita ce Gurdafarid, a cikin Shahnama, littafin sarakunan Farisa da Firdausi ya kammala a 1010. Suhrab ya zo da rundunar Turan ya kame jarumin da ke tsaron Farar Ganuwa, maza suka yi tsuru-tsuru. Gurdafarid, 'yar dattijon ganuwar, ta tura gashinta cikin kwalkwali ta fito. Suka yi ta ɗauki-ba-daɗi har Suhrab ya fizge kwalkwalin, gashi ya zubo, ya jefa mata igiya ya zarge ta. Nan ta karanci fuskarsa ta ga ya riga ya faɗi. Ta nuna masa cewa runduna biyu za su yi masa dariya idan aka ji da mace ya sha wannan wahala, ta yi masa alkawarin ganuwar, ya rako ta har ƙofa. Tana shiga aka garƙame. Ta hau bisa katanga tana yi masa gwalo da magana, da dare kuma mutanen ganuwar suka sulale ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa. Ita ce kusan tilo a cikin irin waɗannan mata da ta fita da ranta da mutuncinta, ba ta kuma sauya ɓangare ba.

Sauran ba su yi wannan sa'a ba, kuma a nan ne labarin yake daina zama abin murmushi. A 1581 aka buga waƙar Torkwato Taso, mawaƙin Italiya, a kan yaƙin 'yan Salibi na farko a Ƙudus. Jaruminsa Tankiredi yana son Kilorinda, mayaƙiyar rundunar Musulmi. Suka haɗu cikin duhu bai gane ta ba, ya yi mata raunin ajali, ta roƙi ya yi mata baftisma kafin ta cika. Masu hikayar Larabawa sun yi irin wannan ta nasu ɓangaren: Maryam mai saƙa ɗamara, 'yar sarkin Faranjawa a Dare Dubu da Ɗaya, ta musulunta, har ta kashe 'yan'uwanta maza uku a fagen fama. Kowane ɓangare yana mafarkin 'yar maƙiyinsa ta bar gidan ubanta ta zo gare shi. Soyayyar a nan wata hanya ce ta sake cin yaƙin, kuma macen ce take biyan kuɗin, ko da ranta ko da danginta.

Idan macen ce mai nasara kuwa, sai baki ya juya mata. Tarihin Kano ya ambaci Amina ta Zazzau da yaƙe-yaƙen shekara 34, da bābānni 40 da goro 10,000 da Sarkin Nufe ya aiko mata. Bai ce komai a kan samari ba. Labarin baka ne ya ƙara cewa duk garin da ta ci takan kwana da wani saurayi, gari na wayewa ta sa a kashe shi. Wanda ya san Sarki Shahriyar zai ga rigarsa ce aka cire aka sa mata.

Da aka zo zamanin mujallun zane da sinima, Amurkawa sun gaji dabarar ba tare da sun sauya mata da yawa ba. Fitowar farko ta mujallar Batman a 1940 ita ta gabatar da Joker da kuma ɓarauniyar da aka sani daga baya da Catwoman, kuma a ƙarshen labarinta Batman da gangan ya bar ta ta tsere. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya buga littafi yana zargin mujallun da lalata tarbiyyar yara, masu bugawa suka kafa wa kansu dokar tacewa, Catwoman ta ɓace har 1966. Abin da ya ƙaru a wannan zamani shi ne an fara jin irin wannan kusanci tsakanin jarumi da mugu ko da duka maza ne. A labarin da Frank Miller ya zana a 1986, Joker yana kiran Batman da sunayen da masoya ke kiran juna, karonsu na ƙarshe kuma a cikin rumfar masoya ta wani filin wasa aka yi shi. A fim ɗin Skyfall na 2012 mugun ya ɗaure James Bond a kujera yana shafa shi. Masu sharhi sun yi ta jayayya a kan manufar. A ganina rabin abin tsohuwar al'adar Hollywood ce ta nuna mugu a matsayin mai karkatacciyar ɗabi'a don a ƙara ƙyamarsa. Ɗaya rabin kuwa kowa ya san shi: wanda ya kwana yana tunaninka ya tashi yana tunaninka, ya san tafiyarka da rauninka fiye da matarka, ba lalle ne masoyinka ba.

Mu komo Bagadaza. Abriza ta bar ubanta ta bi Sharrukanu, amma wanda ya sa mata ido shi ne Sarki Umaru kansa. Da ta ƙi shi, waziri ya ba da shawarar banju, aka sa mata a abin sha, sarki ya keta mata haddi tana kwance ba ta san inda take ba. Macen da ta kayar da jarumin jarumai sau uku ta gudu da tsohon ciki, ta haihu a hanya, bawan da ta ɗauka rakiya ya kashe ta saboda ta ƙi ba shi kanta. Daga nan hikayar ta koma hannun kakarta. Zatud-Dawahi ta shiga fada cikin shigar mai tsoron Allah ta kashe Sarki Umaru da guba. Ta sake shiga rundunar Musulmi a kamannin wani waliyyi da Rumawa suka azabtar, kuma babu wanda ya ƙaunaci wannan waliyyi kamar Sharrukanu. Yana sumbatar hannuwanta da ƙafafunta, yana kuka idan ta yi wa'azi, ya ƙi sauraron Waziri Dandanu da zuciyarsa ba ta taɓa kwanciya da ita ba. Ranar da ya dawo daga fagen fama da rauni, ita aka bari a gefen shimfiɗarsa cikin tanti. Ta jira har barci ya kwashe shi da bayinsa, ta zaro wuƙa mai dafi daga ƙugunta ta yanke masa kai.