ZARE: Jagoran makaɗa da zagayen shekararsa, daga Milan zuwa fadar Sakkwato

1/ Jama'a ku matso, yau zaren tarihi ne. Kun taɓa ganin bidiyon Baturen nan mai baƙar kwat, riƙe da 'yar sanda, yana ta wurga hannu gaban makaɗa kusan 80, shi kuwa ko ganga bai taɓa ba? Da yawa kan ce "wai wannan mi yake yi?" To mu ma muna da irinsa a Sakkwato, kuma ya daɗe.

2/ Turawa na ce masa kwandasta. Eh, suna ɗaya da yaron mota, aiki ne ya bambanta. Shi ke ba kowa lokacin shiga, shi ke cewa a sassauta ko a ƙara wuta. Babban aikinsa kuma shi ne tsara abin da ƙungiya za ta gabatar tsawon shekara. Wannan jerin shi ake kira kakar wasanni.

3/ Kakar tana da ƙafa uku. Akwai kiɗa zalla na babbar ƙungiya, wato okestira. Akwai opera, wasan kwaikwayon da ake rera duk maganganunsa. Sai rawar bale, inda ake ba da labari da motsin jiki, ba a buɗe baki. Duk ukun mai sandar nan ne ke riƙe da linzamin kiɗansu.

4/ Misali, gidan La Scala na Milan a Italiya, wanda aka buɗe tun 1778, yana buɗe kakarsa ranar 7 ga Disamba kowace shekara. Ranar waliyyin garin ce. Manyan ƙasa kan hallara, kowa ya ci ado. Ku riƙe wannan: rana ce ta addini, kuma ranar nuna mulki. Za mu dawo kanta.

5/ Sandar ma tana da labari. A da doguwar sanda ce ake buga wa a ƙasa. A 1687 Lully, makaɗin Sarki Louis na 14 na Faransa, ya buga wa ƙafarsa ita yana tsakiyar aiki. Ciwon ya ruɓe, shi ne ajalinsa. Sai a ƙarni na 19 'yar siririyar nan ta zama ruwan dare.

6/ To mu dawo gida. Waƙar da ka ji mai shayi ya saka da safe nan Sabon Gari, ta Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo, kar ka ɗauka mutum ɗaya ne da ganga. Ƙungiya ce mai tsari: jagora, 'yan amshi, masu kiɗa, da sanƙira mai ƙara wa maganar jagora gishiri da kirari.

7/ Jagora ba ya riƙe sanda. Da murya yake tuƙi. Ya ɗauko ɗan waƙa, ya saki a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, sannan kowa ya koma gindin waƙa. Wani lokaci kallo ɗaya ya isa. In ɗan amshi ya shigo da wuri ko ya makara, waƙa ta ɓaci gaban sarki. Ba wasa ba ne.

8/ Kuma kar ku ɗauka nan take ake ƙirƙira komai. Ana zama a gidan jagora a ƙulla waƙa, a yi ta maimaici har ta zauna a bakin kowa. Sai an fito fili jagora ya ƙara abin da ya gani a wurin: wa ya zo, wa ya yi kyauta, wa ya noƙe.

9/ Abin mamakin shi ne garin da wannan sana'a ta yi ƙarfi. Sakkwato fa, garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki kiɗan holewa na fadojin Haɓe a rubuce-rubucensa. Abin da aka sassauta shi ne irin gangar yaƙi, ta tara jama'a, da ta bikin aure.

10/ Amma mulki yana son murya. Sarauta na buƙatar mai shelar zuwan sarki, mai riƙe sunayen kakanni, mai gaya wa 'yan adawa magana a fakaice. A hankali tambari, kakaki da algaita suka zauna daram a fadojin daular, mawaƙan yabo kuma suka samu sarautu nasu.

11/ Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, tsarin En'e ya ba sarakuna da hakimai albashi daga baitulmali. Kowace fada mai ji da kanta tana son nata makaɗi. Shi ya sa ƙasar Sakkwato ta da, har da Zamfara da Kabi, ta zama matattarar manyan makaɗan fada a ƙarni na 20.

12/ Ku duba jerin. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, mai Bakandamiya. Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991. Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Su ukun nan da kotso suke kiɗa. Aliyu Ɗandawo kuwa mai taushi ne, a Argungu da Yawuri.

13/ A cikin birni kuwa akwai Salihu Jankiɗi, mutumin Rawayya, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III. Ya yi wa wasu sarakuna kiɗa kafin ya zauna Sakkwato, ya rasu a 1973. Ubangidansa ya yi shekara 50 kan gado, 1938 zuwa 1988. In ana neman kwandastan fadar Sakkwato, to ga shi nan.

14/ Ga wanda bai san kayan ba: taushi 'yar ganga ce mai kamar akushi, fata ɗaya, da hannu ake kaɗa ta. Kotso kuwa yana da ƙugu irin na kalangu, amma baki ɗaya aka rufe, shi ma da yatsu. Dukansu kayan fada ne. Ba a ɗaukarsu a tafi wurin dambe ko kalankuwa.

15/ Yanzu ga zuciyar zaren. Yaya shekarar jagora take? Kalanda biyu yake bi lokaci guda. Na wata, mai kawo azumi da Sallah. Da na ruwa, mai kawo damina, kaka da rani. Na wata yana ja baya da kwana 11 duk shekara, don haka tsarin bana ba zai zama na baɗi ba.

16/ Damina: gona. Makaɗan fada da yawa manoma ne, su da yaransu. Hanya ta yi laka, aljihun mutane ya bushe, biki ya ragu. Fili na makaɗan noma ne, masu zuga samari a gayya da gangar noma. Kamar dai yadda gidajen opera na Turai ke rufe ƙofa su huta in zafi ya shigo.

17/ Kaka: an cika rumbu, an sayar da auduga da gyaɗa, kuɗi ya shigo hannu. Sai aure, sai naɗin sarauta, sai dambe da kokawa. Lokacin irin su Ɗan Anace ke nan, mai kalangun da ya ɗaga sunan Shago. Makaɗin fada kuma ya nemi izinin ubangida ya fita yawon kiɗa wasu fadoji.

18/ Yawon nan shi ne rangadinsu. A sauka gari, a gaida sarki, a kwana biyu ana kiɗa, a samu riga, rawani, hatsi, wani lokaci doki. A zamanin Sardauna Ahmadu Bello har mota da kujerar Makka sun shigo lissafi. In an dawo gida jagora ya raba, kowa gwargwadon matsayinsa.

19/ Amma babbar ranar buɗe kaka ita ce Sallah. Tun daren jajibiri fada ke ɗaukar sauti. Da safe sarki ya hau, hakimai sun shigo daga ƙasashensu, kowa da makaɗansa a bayansa. Ranar addini, ranar nuna mulki. Kun tuna 7 ga Disamba a Milan? To ga tamu.

20/ Ranar ce jagora ke fito da sabuwar waƙa, kuma ranar ce ake auna shi, don abokan gasarsa na nan suna saurare. Baya ga Sallah, a fadoji da yawa akwai kiɗan daren Juma'a a ƙofar fada kowane mako. Wato akwai wasan mako, akwai na shekara.

21/ Akwai kuma manyan taruka na musamman. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, alamar an binne gabar Sakkwato da Kabi. Sai hawan daba na Kaduna a 1956 don Sarauniyar Ingila, da na FESTAC a 1977.

22/ Wani zai ce ina operarmu da balenmu? Akwai 'yan uwansu. Tashe daga 10 ga azumi: waƙa, rawa da kwaikwayo a haɗe. Kalankuwa bayan girbi, inda samari ke naɗa sarki da alƙalinsu. Wasan gauta na matan fada masu kwaikwayon sarki da fadawa. Sai dai ba jagora ɗaya ke riƙe da su duka ba.

23/ Kar kuma ku ɗauka Bature bai yi zaman bara a fada ba. Joseph Haydn ya shiga hidimar gidan sarautar Esterhazy a 1761. Yarjejeniyarsa ta ce ya sa kayan ma'aikatan gida, ya riƙa zuwa kullum ya ji ko yarima na son kiɗa. Abin da ya tsara kuma mallakar yarima ne.

24/ Har habaici ya iya. A 1772 yarima ya daɗe a gidan hutunsa, makaɗa na kewar iyali. Sai Haydn ya tsara kiɗan da a ƙarshensa kowane makaɗi zai kashe kyandirinsa ya fice, ɗaya bayan ɗaya, har saura biyu. Yarima ya gane, aka koma gida. Wallahi da Narambaɗa ya ji da ya jinjina.

25/ Ga inda hanya ta rabu. A 1790 yariman ya rasu, magajinsa ya sallami yawancin makaɗan. Haydn ya tafi Landan a 1791, inda jama'a ke sayen tikiti su shiga zaure. Kiɗansa kuma a rubuce yake a takarda. Shi ya sa yau, bayan sama da shekara 200, ana kaɗa shi yadda ya tsara.

26/ Namu fa? A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka, kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Aljihun fada ya ragu. Makaɗa suka juya wajen attajirai da 'yan siyasa, daga baya situdiyo da fiyano suka maye gurbin ƙungiya mai mutum goma.

27/ Ba a sami zauren tikiti da zai riƙe su ba, kuma waƙar a ƙwaƙwalwa take. In jagora ya rasu, 'yan amshi suka watse, yadda ake shiga da fita a waƙar ya tafi da su. Wasu gidaje sun yi sa'a, kamar ɗiyan Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo da suka ci gaba. Da yawa shiru.

28/ Abin da ya cece mu shi ne faifai. Rediyon Kaduna da Rima Radio sun naɗi abubuwa masu yawa. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun bi gari gari sun rubuta tarihin makaɗan. Amma faifai waƙa yake riƙewa. Ba ya koya wa yaro yadda ake riƙe 'yan amshi shida da ido.

29/ Kuma ku duba yadda muke yi da ɗan abin da ya rage. Waƙa na yawo a WhatsApp da TikTok an rubuta mata "tsohuwar waƙa" kawai, ko an liƙa wa ta Sa'idu Faru sunan Narambaɗa. Ba sunan sarkin da aka yi wa, ba gari, ba shekara. Haka tarihi ke zubewa muna kallo.

30/ Abin da za mu iya ba shi da tsada. In za ka tura waƙa, sa sunan mai ita da wanda aka yi wa. In akwai tsohon ɗan amshi a unguwarku, je ka gaishe shi, ka nemi izini ka naɗi hirarsa a waya: wa ke tsayawa ina, yaya ake rabon kyauta, wane wata ake fita yawo.

31/ In Sallah ta zo kuma, kar ka tsaya kan dawaki da hoto kaɗai. Matsa kusa da makaɗa ka kalli jagora: yadda yake juya kai, yadda yake sakin baki 'yan amshi su cafe. Za ka ga aikin da ake biyan kuɗi mai yawa a kalla a Milan.

32/ Allah ya jiƙan magabata. 'Yan Isa, Maradun, Mafara, Argungu da Yawuri, ku faɗa mana a ƙasa: wa ke riƙe da kotso ko taushin garinku yanzu, kuma yaransa nawa? Ku tura zaren ya kai ga waɗanda suka sani.