Rikoda mai faifai biyu: yadda ake kula da ita

Rikoda mai faifai biyu na'ura ce da ke ɗaukar murya a kan zaren maganaɗisu, wanda ke warwarewa daga faifai ɗaya yana naɗewa a ɗayan. Kamfanin AEG na Jamus ne ya fara baje kolinta a Balin a 1935.

A Alabar da sauran unguwannin Zangon Kumasi, wanda ya gaji zaren wa'azi ko na waƙar biki ya kiyayi laima, domin tana sa zare ya yi fumfuna ko ya yi danƙo. Kada a kunna irin wannan zare, muryar na iya lalacewa har abada. A ajiye faifan a tsaye, nesa da zafi da lasifika.

Ana goge kan da ke karanta zare da auduga da sinadarin isopropyl. Idan murya tana rawa, a duba bel da tayar robar da ke danne zare. Rikodar da aka ƙera don Amurka wutar volt 120 take sha, ta Ghana kuwa 230 ce, sai da taransifoma.

A Jami'ar Ghana da ke Legon, taskar J.H. Kwabena Nketia ta mayar da tsofaffin zarurrukanta kan kwamfuta. Hakan ne ke ceton murya.