Kangayen Lolo da Abin da Hoto Ke Adanawa

Garin Lolo yana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a gefen Kogin Kwara, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Idan mutum ya tsallaka iyakar, garin Madekali ne zai tarar, daga nan kuma sai Malanbil. Na kai ziyara wannan yanki da rani, riƙe da kyamara, da nufin ɗaukar hotunan tsofaffin gine-ginen da aka ƙaurace wa, domin kowace damina takan tafi da wani abu daga cikinsu.

Ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa wannan wuri ke da muhimmanci. Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Illo tana kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. A nan wasu ayarori kan ƙetare kogi, su ratsa ƙasar Borgu, su nufi Salaga. Wannan matsayi ya sa Ingila da Faransa suka yi ja-in-ja a kan yankin, har Lugga ya yi tattaki zuwa Nikki a 1894. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a birnin Faris ranar 14 ga Yuni, 1898, ita ce ta raba gardama. Ta tsayar da iyaka a bakin kogi, mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Ta haka aka raba dangi gida biyu. Daga baya Turawa suka cire Illo daga Borgu suka haɗa ta da Masarautar Gwandu.

Kangon da ya fi tsaya mini a rai wani tsohon zaure ne na tubali, wanda gara ta cinye azararsa, rufin ya rufta. Kafin in shiga sai da na nemi izinin dattijon gidan. Na ce, "Baba, ko za a yarje mini in ɗauki hoton zauren nan?" Ya ce, "Ɗauka, Malam, amma ka yi hattara da maciji." Da na gama, ya nuna mini inda baƙi 'yan kasuwa kan sauke kaya a zamanin kakansa, da inda ake ɗaure jakuna. Ba don bayaninsa ba, da tarin ƙasa kawai na ɗauko.

Daga nan na fahimci cewa hoton kango ba ya zama hujjar tarihi sai an rubuta ranar da aka ɗauke shi, da sunan unguwa, da bayanin wanda ya san ginin yana tsaye. Misalin tsohuwar Busa ya isa ishara. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya shafe garin, aka mayar da mutanensa Sabuwar Busa. Wanda bai ga garin ba, sai dai hoto da bakin dattawa.

Saboda haka ina kira ga malaman makaranta na Lolo da Illo da Bagudo da su fita da ɗalibansu, ko da wayar hannu ce, su ɗauki kangayen garuruwansu, su zauna da dattawa su rubuta abin da suka ji. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun nuna mana yadda ginin ƙasa a bakin kogi ke rushewa cikin dare ɗaya, dattawan da suka san labarinsa kuma kullum raguwa suke yi.